Tsoho da Babban Lambu: Shekaru 17 na Jefferson a Monticello

A watan Maris na 1809 Thomas Jefferson ya sauka daga shugabancin Amurka bayan shekara takwas, ya kama hanyar gidansa da ke kan wani tudu a jihar Birjiniya, gidan da ya raɗa wa suna Monticello. Saura wata guda ya cika shekara 66. Abin da ke jiransa a can shi ne mafarkin da ma'aikata da yawa ke kwana da shi tun suna tsakiyar aiki: idan an ajiye aiki a koma lambu, a rabu da takardu da tarurruka, a wayi gari cikin kore. Nasa ya bambanta da na sauran mutane ta fuska biyu. Lambun kayan miyarsa ya kai tsawon ƙafa 1,000, wato sama da mita 300, kuma mutumin ya saba rubuta abin da ya shuka, da ranar da ya tsiro, da ranar da ya iso kan teburi. Albarkacin wannan rubutu muna iya bin sawunsa har zuwa mutuwarsa a 1826, mu ga abin da ke faruwa idan lambu ya tsaya a girmansa alhali ƙarfin mai shi yana raguwa.

Lambu a kan tudu

Monticello na kan tudu mai tsayin kimanin mita 260, kusa da garin Charlottesville. Kowane manomi ya san tudu wurin shan iska ne da hangen nesa, ruwa kuwa gangare yake bi. Jefferson ya zaɓi hangen nesa, ya kuma biya farashinsa har ƙarshen rayuwa. Kafin a sami shimfiɗaɗɗen filin shuka sai da aka yanko jar ƙasa daga gefen tudun aka cike gangaren da ita, aka tokare ta da katangar dutse wadda a wasu wurare ta haura ƙafa 10. An yi wannan aiki tsakanin 1806 da 1809, shi yana fadar gwamnati yana aiko da umarni a wasiƙa ga wakilin gonarsa, Edmund Bacon. Masu haƙa da jigilar ƙasar bayi ne bakwai da aka ɗauko haya, da alfadari da amalanke.

Filin da aka samu ya kai eka biyu. A ƙasa da shi akwai eka takwas na itatuwan marmari da inabi, inda gonar kudu kaɗai aka tsara ta da bishiya 400. Aka zagaye duka da shingen katako mai tsayin ƙafa 10, an matse tsakaninsa yadda ko ɗan zomo ba zai ratsa ba.

Fuskantar kudu da lambun ya yi dabara ce. A ƙasashen arewacin duniya rana ta kudu take karkata, don haka gangaren da ya dube ta ya fi ɗumi: sanyi ya fi saurin sakinsa, ya kuma fi jinkirin kama shi. Wannan ya ba Jefferson damar haɗa shukar ƙasar sanyi, irin su latas da kabeji da koren waken nan da ake kira fis, da shukar ƙasar zafi, irin su tumatir da dankali da gyaɗa da barkono. A cikin jerin akwai abubuwa biyu da mai karatu ya sani tun yana goye, kuɓewa da riɗi, waɗanda suka tsallaka teku daga Afirka a zamanin cinikin bayi. Jefferson ya shekara da shekaru yana shuka riɗi, da burin mansa ya maye gurbin man zaitun da ake shigowa da shi daga Turai.

Ruwa ne ya ƙi. Rijiyar gidan takan ƙafe, sai bayi su gangara maɓuɓɓugan da ke gefen tudun su ɗebo. A wajajen 1810 ya sa aka gina matattarai huɗu don tarar ruwan rufi, suka ɗauki shekaru suna yoyo kafin a shawo kansu.

Shekarun marmari

Littafin lambunsa ya fara a 1766, yana saurayi, ya ƙare a 1824. Shafukan da suka fi cika su ne na farkon ajiye aikinsa. Ya ja layuka: sunan iri, fangalin da aka sa shi, ranar shuka, ranar dashe, ranar da aka fara ci, ranar da ya ƙare. A 1809 fari ya afka wa lambun, kalmar da ke nuna shuka ta lalace ta yi ta maimaituwa a shafin, bai ɓoye ko ɗaya ba. A 1812 ya sake tsara filin zuwa murabba'i 24, ya kasa su gida uku bisa ga abin da ake ci a jikin shukar, 'ya'ya ko saiwa ko ganye.

Iri yana zuwa masa daga ko'ina. André Thouin, shugaban lambun gwamnati na birnin Faris, yakan aiko masa da akwatin iri kusan kowace shekara. Bernard McMahon, mai sayar da iri a Filadelfiya, wanda littafinsa na 1806 ya zama jagoran Jefferson, shi ma yana aikowa. Lewis da Clark, waɗanda ya tura binciken yammacin nahiyar daga 1804 zuwa 1806, sun dawo da wake da masara na mutanen asalin ƙasar. Masu bincike sun ƙirga nau'in kayan lambu kusan 330 da suka ratsa wannan fili, fis kaɗai aƙalla iri 15. Shi da maƙwabtansa suna da gasa: wanda fis ɗinsa ya fara nuna a shekara shi zai kira sauran cin abinci. Wani attajiri, George Divers, shi ya saba lashewa. Zuriyar Jefferson sun riƙe labarin shekarar da nasa ya riga nuna, ya ce a yi shiru, kada a rage wa abokinsa jin daɗi.

A watan Agusta na 1811, yana da shekara 68, ya rubuta wa mai zane Charles Willson Peale wasiƙar da ta fi kowace shahara a kan wannan batu. Ya ce da an ba shi zaɓi, da ya zauna a ƙasa mai albarka, mai wadatar ruwa, kusa da kasuwa, ya yi ta aikin lambu, domin a lambu asarar wannan shuka nasarar waccan ke rufe ta. Ya rufe da cewa a shekaru tsoho ne, a lambu kuwa yaro. Masu sha'awar shuka suna son wannan magana, sun kuma yi gaskiya. Amma a duba sharuɗɗa ukun da ya lissafa: ƙasarsa ta gangare ce mai zaizayewa, ruwansa na jigila ne, babbar kasuwa kuma tana nesa. Ya san abin da lambu ke bukata sarai, ya gina nasa a inda babu su.

Da hannun wa?

Hausawa suna yi wa noma laƙabi da na-duƙe, duƙawa kuwa tana cikin abubuwan da tsufa ke fara ƙwacewa. Saboda haka duk inda aka ga dattijo da eka goma a gyare, tambayar farko ita ce bayan wa ke duƙawa.

Isaac Granger, maƙeri kuma tsohon bawan Monticello wanda aka rubuta labarinsa daga bakinsa a wajajen 1847, ya tuna ubangijinsa yana aiki a lambu da gaske, kamar rabin sa'a, da sanyin yamma. Rabin sa'ar nan ita ce rabon Jefferson a aikin jiki. Shi ke auna fangali, shi ke zuba iri a wasu lokuta, shi ke riƙe da alƙalami. Kaftu da jigilar taki da ban ruwa da cirar ciyawa na wasu ne. A tsawon rayuwarsa ya mallaki bayi sama da 600, kuma a kowane lokaci akwai kimanin 130 a Monticello da gonakin da ke kewaye.

Babban cikinsu a harkar lambu shi ne Wormley Hughes, wanda aka haifa bawa a gidan a 1781. Shi ya shimfiɗa fangalan furanni a gaban gida, shi ke dasa bishiyoyi, shi ake damƙa wa irin da ya fi daraja. Sa'ad da Jefferson ke fadar gwamnati, jikarsa Anne ce ke karanta wasiƙun umarni, Wormley ke aiwatarwa. Aikin yau da kullum na kayan miya kuwa sau da yawa tsofaffin bayi ake turawa, waɗanda ƙarfinsu ya gaza ga gonar alkama da taba. Akwai lokacin da wani dattijo mai suna Goliah ke jagorantarsu. Ashe tsufa biyu ne a lambu guda. Ɗaya ya zo lambu don ya huta da mulki, ɗayan an kawo shi don a tatse sauran ƙarfin da ya rage masa.

Akwai kuma lambu na biyu da baƙi ba sa yabawa. Bayin suna da 'yan filayensu a bayan bukkoki, suna nomawa da dare da ranar Lahadi. Littafin cefanen da Anne ta riƙe daga 1805 zuwa 1808 ya nuna gidan ubangiji yana sayen kabeji da kokwamba da kankana da ƙwai da kaji daga hannunsu. Wanda ya san tarihin rinji a ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 zai gane wannan tsari nan take: gandu na ubangiji, gayauna ta bawa, a ɗan lokacin da aka bar masa. Abin lura a nan, lambun da ke gwada ɗaruruwan iri bai wadatar da tukunyar gidan ba. Ƙananan filayen da ke shuka abu kaɗan, wanda aka tabbata zai yi, su ke cike giɓin.

Jiki ya fara karɓar nasa

Tsufa bai zo wa Jefferson a rana ɗaya ba. Wuyan hannunsa na dama ya goce tun 1786 a Faransa, bai kuma koma daidai ba. Ciwon gaɓoɓi ya riƙa kai masa ziyara. A 1818 ya je wani wurin wankan ruwan ɗumi neman sauƙi, ya dawo da maruru da jinya mai tsanani. Duk da haka a 1819, yana da shekara 75, ya gaya wa wani likita cewa ganye ne babban abincinsa, nama ɗan ɗanɗano ne kawai a kai. Lambun dai na ciyar da shi, shi ne ya fara kasa isa gare shi.

Shekarar 1822 ta haɗa masa uku. A watan Yuni ya rubuta wa tsohon abokinsa kuma tsohon abokin hamayyarsa John Adams cewa iyakar tafiyar ƙafarsa lambu ce, ita ma da gajiya, sai dai yana hawan doki kullum. A shekarar Edmund Bacon, wanda ya riƙe masa gona shekara 16, ya tattara ya koma jihar Kentaki. A watan Nuwamba matakala ta karye da shi, ya faɗi ya karya hannun hagu. Mutumin da duk mulkinsa a lambu da alƙalami yake yinsa ya wayi gari hannayensa biyu sun naƙasa.

Yadda ya tunkari wannan raguwa yana da abin koyi. Tun daga wajajen 1815 ya fara miƙa ragamar gonaki ga jikansa Thomas Jefferson Randolph. A lambu kuma jerin shekarun ƙarshe ya taƙaita, ya karkata ga abin da gidan ke ci kuma ƙasar ta karɓa. Ya riƙe al'adar shuka kaɗan-kaɗan a kai a kai: shawararsa a kan latas ita ce a zuba gwargwadon cikin hular ƙarfen da tela ke sa wa yatsa, kowace Litinin, daga farkon Fabrairu zuwa farkon Satumba. Wannan dabara ta dace da mai ƙarancin ƙarfi, domin tana raba aiki da girbi a kan makonni maimakon ta tara su a rana ɗaya. Sha'awarsa kuwa ba ta tsufa ba. A ƙarshen 1825, yana da shekara 82, ya karanta labarin wata kokwamba mai tsawon ban mamaki a jihar Ohayo, ya ɗauki alƙalami da wannan hannu ya roƙi tsohon gwamnan jihar, Thomas Worthington, ya samo masa irinta.

Ƙasa ce bai rage ba. Filin na nan eka biyu, itatuwa na nan, shinge na nan yana ruɓewa yana neman gyara, baƙi na ta cika gida suna ci. Ya rage abin da yake shukawa, bai rage abin da yake ɗauke da shi ba, kuma bai ji nauyin a bayansa ba tunda wasu ke ɗauka.

Bashi da gwanjo

Jefferson ya gaji bashi daga surukinsa, ya ƙara nasa a kai da gine-gine da littattafai da karɓar baƙi. A 1815 ya sayar wa majalisar dokokin Amurka littattafansa 6,487 a kan dala 23,950, kuɗin suka tafi ga masu binsa. A 1819 tattalin arzikin ƙasar ya karye, farashin ƙasa da amfanin gona ya faɗi, wani amininsa Wilson Cary Nicholas, wanda ya tsaya wa a bashin dala 20,000, ya kasa biya, nauyin ya dawo kansa. A farkon 1826 har izinin yin caca a kan kadarorinsa ya nema daga majalisar jiha, ko gidan zai tsira. Abin bai yi nasara ba.

Ya mutu ranar 4 ga Yuli, 1826, shekara 50 cif da ayyana 'yancin Amurka, wanda shi ya rubuta takardarsa. Wormley Hughes ne ya haƙa kabarinsa. Bashin da ya bari ya kai dala 107,000. Wasiyyarsa ta 'yanta mutum biyar, babu Wormley a ciki. A watan Janairu na 1827 aka buga gwanjo, tallar ta ambaci bayi 130 tare da kayan ɗaki da dabbobi. 'Yar Jefferson, Martha, ta sallami Wormley ba tare da takardar 'yanci ba, amma matarsa Ursula da 'ya'yansu an sayar da su. Wannan shi ne ainihin farashin lambun, kuma waɗanda suka gina shi su suka biya.

Lambun kansa bai daɗe ba. Kayan miya ba sa jiran kowa: damina ɗaya ba cira, fangali ya koma saura. Ɗan ɗakin shan iska da ya gina a bakin katanga ya rushe. A 1831 aka sayar da gidan ga James Barclay, wanda ya dasa bishiyoyin kiwon tsutsar siliki, sana'ar ba ta karɓe shi ba, ya sayar wa wani hafsan sojan ruwa, Uriah Levy, a 1834.

Abin da ya saura

A 1923 wata gidauniya ta sayi Monticello. Da masu gyara suka zo farfaɗo da lambun furanni a wajajen 1939, sai suka haska fitilar mota a kan ciyawa da dare, inuwa ta fito da sawun tsohuwar hanyar da ta zagaye filin. Wasu furanni masu albasa a ƙasa suna nan suna tsirowa a gefenta, fiye da shekara 110 bayan mai su. Daga 1979 masu tonon tarihi suka bi katanga da ramukan shinge, aka ɗora abin da aka tono a kan abin da ya rubuta, aka mayar da lambun kayan miya yadda yake. Abin da ke da saiwa mai zurfi da abin da aka rubuta, su suka jure.

Akwai wata hanyar da tarihi ya nuna. A Ingila, marubuciya Vita Sackville-West da mijinta Harold Nicolson sun sayi kangon Sissinghurst a 1930 suka mai da shi lambu. Tun 1938 suka buɗe ƙofa ga masu kallo a kan sule guda. Da ciwon gaɓoɓi ya ci ƙarfinta, a 1959 ta ɗauki ƙwararrun mata biyu, Pamela Schwerdt da Sibylle Kreutzberger, a kan albashi. Ta mutu a 1962, ɗanta ya miƙa wurin ga hukumar adana kayan tarihi ta ƙasar a 1967, matan biyu kuma suka ci gaba da riƙe shi shekaru masu yawa. Ilimin lambun ya riga ya koma kan wasu tun mai shi na da rai, shi ya sa mutuwarta ba ta zama mutuwarsa ba.

A ƙasar Hausa gandu ne ya daɗe yana amsa wannan tambaya. Maigida ya tsufa ya koma gindin bishiya yana ba da umarni, 'ya'ya da ƙanne na duƙe, shi kuma yana ɗauke da ci da haraji da auren kowa. Ma'aikacin yau da ya sayi fili a bayan gari, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya dasa mangwaro da gwaiba da lemo yana jiran ranar ajiye aiki, ba shi da wannan gandu. 'Ya'yan da ya kashe kuɗi ya ilimantar suna Abuja ko Legas ko ƙetare, kuma shi ya so haka. Hannayen da za su riƙe masa lambu na haya ne, suna da haƙƙi da iyali da nasu tsufan, kuɗinsu kuma daga fansho zai fito.

Saboda haka lissafin da ya kamata mai shekara 55 ya yi shi ne na ranar da zai kai 79, shekarun da Jefferson ke da su sa'ad da lambu ya zama iyakar tafiyarsa. Taku nawa ne daga ƙofar ɗaki zuwa fangalin farko, kuma akwai gangare a tsakani? Ruwa zai iso da kansa ta bututu, ko sai an ɗauka? Kashi nawa na filin bishiyoyi ne da za su yi haƙuri da sakacin wata guda, kashi nawa ne ganyen da ke son ido kullum? Wa ya san lambun ban da mai shi, kuma me aka rubuta masa? Daidai ruwa daidai tsaki, in ji masu iya magana. Rage fili da hannunka tun kana iya zaɓar abin da za ka bari ya fi a rage maka shi a gaban alƙali ko a bakin mai gwanjo.

Masu ziyartar Monticello a yau suna tarar da fis da latas da kuɓewa a layi, kamar yadda littafin ya tsara. Ma'aikata masu albashi ne ke shuka su, kuma masu zagayawa da baƙi sun koyi ambaton sunan Wormley Hughes. Ya mutu a 1858, yana da shekara 77, shekara 32 bayan ya haƙa kabarin mutumin da lambun ke amsa sunansa.